Ranar da Mai Faci Ya Ba Intakula Iska

A bakin ƙofar wani gareji, hannun hagu in za ka shiga, akwai wani mai faci da ya shekara goma sha huɗu yana liƙe wa mutane tayoyi. Faci kam ya iya, ko maƙiyinsa ba zai yi musun wannan ba. Ya kara kunne a jikin taya sai ya nuna maka inda ƙusa ta shiga. Cutarsa ɗaya ce: ka ce masa "Mai Faci" tamkar ka mare shi ne a kasuwa. Shi Injiniya yake so a ce, har ya rubuta da farin fenti a jikin injin iskarsa, amma duk faɗin garejin ba mai kiransa haka sai in ana neman abin dariya.

Abin da ke cin ransa kuwa shi ne cikin garejin. A ciki kanikawa ke da rumfuna, kowa da inuwarsa da bencinsa da ƙofar da yake kullewa. Shi ko yana waje a bakin kwata, daga shi sai rabin duro na ruwan gwada tayoyi da wata tsohuwar lema da ta gaji da rana. Kullum in ya leƙa ya ga bakanike ya kishingiɗa a inuwa yana ba direba umarni, sai ya ja tsaki ya ce, "Waɗannan me suka sani? Kwance ka ɗaura ne kawai."

Ana nan sai rumfa guda ta zama ba kowa, mai ita ya tsufa ya koma wurin 'ya'yansa. Garejin kuwa yana da ƙa'ida tun da can: duk mai son rumfa sai ya kawo mota marar lafiya ya gyara ta a gaban kowa. Kanikawa su jeru a benci suna kallo, ba mai sa masa hannu, ba mai ba shi shawara. In mota ta fita lafiya a miƙa masa makulli. In ya kasa shi ke nan, ba a gwada mutum sau biyu. Makullin yana hannun shugaban garejin, wani tsoho marar yawan magana da ake ce wa Baba Dizal.

Mai Faci ya je ya tsaya a gaban tsohon ya ce yana so.

"Kana son me?" in ji Baba Dizal.

"Rumfar, Baba."

Tsohon ya dube shi daga hula har takalmi. "Ka taɓa buɗe inji?"

"Baba, inji mene ne in ba iska ba? Taya iska, birkin babbar mota iska, turbo iska. Ni kuwa shekara goma sha huɗu da iska nake kwana da ita nake tashi. Wanda ya san iska ya gama sanin mota."

Mai walda, wanda rumfarsa ke nan kusa, ya ɗaga baƙin gilashinsa ya ce, "Baba, a ba shi dama mana. Mun daɗe ba mu ga wasa kyauta ba."

"Ranar Talata," in ji Baba Dizal. "Kawo motarka."

Motar kuwa tuni ya san inda zai samo ta. Yayan matarsa yana da wata a-kori-kura mai shan dizal da yake rarraba ƙwai da ita, kwanan nan kuma ta ɗauki wani mugun hali. A shimfiɗaɗɗiyar hanya lafiya lau take, amma da ta hango tudu sai jikinta ya mutu, ta riƙa aman baƙin hayaƙi, in an taka totur kuma a ji wani fito daga gaba, fiii, kamar buta ta tafasa. Mai Faci ya nemo wani bidiyo a waya, inda wani mutum mai magana cikin harshen da bai taɓa ji ba ya ciro wani abu mai kama da lagireto, ya toshe bakinsa biyu, ya ba shi iska, ya fesa masa ruwan sabulu. Daidai nan datarsa ta ƙare. Bai ga ƙarshen ba, bai kuma ga amfanin gani ba.

"Intakula ce," ya ce wa matarsa suna zaune a tsakar gida. "Ita ke sanyaya iskar da turbo ke turawa cikin inji. In ta huje iska ta tsere, inji ya rasa numfashi. Faci ne kawai, maman yara. Facin da nake yi kullum, suna mai tsada kawai aka sa masa."

"Fankar ɗakin nan ma haka ka ce. Ga ta can a kwali."

"Fanka lantarki ce, ba fannina ba ne."

"Keken ɗinkina fa?"

"Ke dai kira min Yaya."

Ita ma fa ta gaji da ganin mijinta yana dawowa rana ta soya shi, tana so ta gan shi a inuwa kamar mijin kowa. Don haka ta kira yayanta ta yi ta roƙo, har ya ce ta miƙa wa mijin wayar.

"Minti nawa zai ɗauka?" in ji Yaya. "Ranar Talata ina da ƙwan gidan burodi, kafin sha biyu suke so."

"Minti talatin, Yaya. In na wuce haka ka canza min suna."

Ranar Talata da hantsi Mai Faci ya bayyana cikin sabuwar shuɗiyar rigar aiki, ko ninkin kanti bai saki ba, da sababbin sifanu a jere a tabarma kamar mai talla. Kanikawa sun cika benci biyu. Mai abincin garejin, wata mata mai baki kamar reza, ta janyo teburinta kusa don kada labari ya wuce ta. Yaya ya shigo da motar cikin farar riga, bayanta shaƙe da kiret-kiret na ƙwai, ya tsaya a tsakiyar fili.

Mai Faci ya buɗe bonet, ya harɗe hannu a baya, ya zagaya motar sau biyu. Ya kara kunne a jikin fitila ya gyaɗa kai.

"Na ji ta," ya ce da ƙarfi don benci ya ji. "Hudar tana ɓangaren dama, ƙasa-ƙasa."

"Motar fa a kashe take," in ji mai walda.

"Shi ya sa kai kake walda ni nake inji."

Ya leƙa ciki. To, a nan ne ya ga abin da bidiyo bai gaya masa ba: masu kama da lagireto biyu ne, ɗaya a gaban ɗaya, ga tiyo baƙaƙe sun shiga nan sun fita can. Ya zaɓi tiyon da ya fi kusa da hannu, ya sassauta kilif ɗin da ke riƙe da shi, ya kama da hannu biyu ya fizge.

Ruwan lagireto ne ya amsa masa. Kore, mai zafi, ya feso masa daga ƙirji har gwiwa. Ya yi tsalle baya yana yarfe hannu, ya taka sifanu ya zame, ya zauna daɓas a cikin ruwan.

Benci ya ɗauki dariya. Mai abinci ta riƙe ciki.

"Lafiya?" in ji Yaya, ya matso.

"Lafiya lau, Yaya. Da gangan na yi. Ba a taɓa intakula sai an sauke wa mota zafin jikinta, ƙa'ida ce."

"Ƙa'idar ce ta ce a sauke a kan wando?" in ji mai abinci.

"Ke, kula da tukunyarki."

Yanzu dai ya gane ta gaban ita ce intakula. Sai dai fa bamba ta tare ta, fitilu sun tare bamba, ga wata roba ta tare fitilu. Ya fara kwancewa. Duk notin da ya ƙi fita ya yi masa Allah ya isa, duk wanda ya fita ya jefa a aljihu, aljihun kuwa ashe a ɓule yake, suna bi ta ƙafar wando suna gangarawa kwata ɗaya bayan ɗaya. Bamba ta sauka, fitilu suka sauka, hon ya sauka, har lambar mota ya cire ba wanda ya san dalili. Manyan tiyo biyu na intakular ya fizge su ya yi jifa da su ƙarƙashin benci ko kallonsu bai yi ba. Kafin a jima gaban motar ya koma kamar bakin tsohon da ba haƙori.

Yaya ya duba agogo. "Minti talatin ɗin nan fa ya zama awa ɗaya da rabi."

"Aikin ƙwararru ba a yi masa gaggawa, Yaya."

"Ƙwai kuma ba a bar shi a rana."

"To a sauke shi mana a sa a inuwa."

Aka sauke kiret ɗin aka jera su a gindin bango, daura da wurin aikin. Yaya da kansa ya yi dakon, yana yi yana ƙwafa.

Da intakular ta fito Mai Faci ya ɗaga ta sama da hannu biyu kamar wanda ya ci kofi. Abu ne na alminiyam mai siraran haƙarƙari, gefe da gefe baƙar roba mai tauri, kowane gefe da bakinsa. Ya karkata ta, ɗan baƙin mai ya ɗigo, bai fi cokali ba.

"Kun gani? Jini take zubarwa ta ciki!"

Wani bakanike ya buɗe baki zai ce ai kowace intakula ana samun ɗan mai haka, Baba Dizal ya ɗaga masa yatsa. Ƙa'ida ƙa'ida ce. Mutumin ya haɗiye maganarsa da ƙyar.

Saura toshewa. Mutumin cikin bidiyo da marufai na musamman ya yi, Mai Faci kuwa ya ce wannan ɓarnar kuɗi ce ta waɗanda ba su da basira. Ya yanko tsohon tub mai bawul ya ɗaure a baki ɗaya, don ta nan zai ba da iska. Ɗaya bakin kuma ya karɓi gwangwanin madara a wurin mai abinci, ya cusa, ya naɗe da robar tub. Ya janyo injin iskarsa daga ƙofa har tsakiyar fili, ya ja igiya, inji ya ɗauka, fat-fat-fat.

"A matsa baya," ya ce. "Yanzu za ku ga ilimi."

Ya ɗora bakin iska a bawul. Allurar geji ta motsa, biyar, takwas, goma. Sai ji aka yi fau! Gwangwani ya fita kamar harsashi, ya shafi kunnen mai walda, ya wuce ya shige cikin kiret ɗin ƙwai na uku daga sama. Na saman suka karkata, suka yi ɗan tunani, suka bi shi ƙasa.

Ba ka jin komai sai ƙwai yana tsiyaya a jikin bango.

"Innalillahi," in ji Yaya a hankali.

"Kunnena yana nan?" in ji mai walda yana shafawa. "Jama'a ku duba min, kunnena yana nan?"

"Yana nan. Gwangwanina ne ba ya nan," in ji mai abinci.

"Wannan alama ce mai kyau, Yaya," in ji Mai Faci, gumi yana karyo masa. "Ya nuna iskar tana shiga."

"Ya nuna tana fita dai! Kiret huɗu!"

"Uku da rabi. Na ƙasan wasu ba su fashe ba."

Daidai nan matarsa ta shigo ɗauke da kwanon abincin rana, ta yi kwalliya don ta ce yau da makulli za a koma gida. Ta tsaya ta dubi motar yayanta ba gaba, ta dubi bango yana zubar gwaiduwa, ta dubi mijinta jiƙe da koren ruwa.

"Baban yara, wannan gyara ne ko hatsari aka yi?"

"Ana tsakiyar aiki ne. Tsakiyar aiki ba ta da kyan gani."

"Yaya, ka yi haƙuri," ta ce, muryarta ta yi ƙasa.

"Ke ce kika ce ya iya."

"Cewa na yi ya ce ya iya."

Mai Faci ya ji wannan maganar har ƙashinsa, amma ya yi kamar bai ji ba. Ya samo guntun katako ya fere shi, ya buga a bakin intakular da guduma, ya ɗaure da waya ninki uku, ya ƙara da robar tub, ya sake ɗaurewa. Wannan karon ko aljani ba zai fitar da shi ba. Sannan ya janyo rabin duron nan nasa, ruwan ya yi baƙi ƙirin don tayoyin wata guda, ya zazzage garin sabulu a ciki, ya tsoma intakular ya danne ta da gwiwa kamar yadda yake danne tub.

Ya ba ta iska kaɗan. Kumfa ta taso, ɓul-ɓul-ɓul.

"Ga ta nan! Na kama ta!" Ya ciro ya yi zane da alli. Ya mayar, kumfa ta taso a wani wurin, ya yi wani zanen. Kafin ka ce me ya yi zane tara.

"Huda tara, Yaya. Da ka ƙara sati da motar nan da sai dai a sayar da ita ƙarfe."

Mai abinci ta leƙo ta kan kafaɗarsa. "Ni dai ba bakanike ba ce, amma kumfar nan daga gindin bawul ɗinka take fitowa. In ka juya abin ita ma sai ta juya."

Ya duba. Haka ne kuwa, ɗaurinsa ne ke yoyo. Ya ƙara masa roba ya tamke, ya goge allin da hannun riga a hankali yadda yake zaton ba mai gani.

"Hudojin sun warke?" in ji mai walda.

"Gwajin farko ke nan. Ana yin na biyu."

Ya mayar da ita cikin ruwa, ya ɗora iska. Allura ta hau goma, ta hau sha biyar, ta hau ashirin. Ya cire bakin iska ya zuba wa ruwan ido. Shiru. Ko ɗigon kumfa babu. Allura ta tsaya a ashirin cak kamar an kafa ta da ƙusa. Minti ɗaya ya wuce, biyu suka wuce.

Duk wanda ke kan bencin nan ya san ma'anar wannan: intakula lafiyarta ƙalau, a nemi cutar a wani wurin. Da Mai Faci ya tsaya nan ya koma ya duba sauran kayan da ya watsar, wallahi da wataƙila ya tsira da mutuncinsa. Amma ya riga ya faɗa a gaban matarsa, a gaban Yaya, a gaban benci biyu, cewa a huje take. In ba huda, ina zai sa fuskarsa?

Baba Dizal ya yi gyaran murya. Shekara da shekaru bai taɓa karya ƙa'idar nan ba, amma yau tausayin motar ya kama shi.

"Ɗana, tsaya nan. Ashirin ya isa. Ba a wuce haka da ita."

Mai Faci ya miƙe ya yi wani murmushi irin na malami ga ɗalibin da bai gane ba.

"Baba, da girmanka, nan fannina ne. Akwai huda mai wayo. Mu masu iska mun san ta. Direba ya kawo maka taya, ka tsoma a ruwa shiru, ka ce masa lafiya, gobe ya tashi ya tarar da ita a ƙasa. Irin wannan ba ta nuna kanta sai ka matsa mata. Tayar babbar mota har ɗari nake kai ta kafin ta yi magana."

"Wannan ba taya ba ce."

"Iska dai iska ce, Baba."

"To," in ji tsohon. Ya ɗauki kujerarsa ya koma can bayan wata tsohuwar bas ya zauna. Kanikawa da suka ga haka suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka bi shi. Mai abinci ta rufe tukwanenta ta ja tebur. Mai walda ya sauke gilashinsa a fuska ya laɓe bayan wani duro can nesa.

"Baban yara, kowa fa ya gudu," in ji matarsa.

"Hassada ce. Ba sa son su ga ƙarshen."

Yaya, bawan Allah, da yake kayansa ne, shi kaɗai ya matso ya sunkuya a kan ruwan yana neman kumfar da idonsa.

Allura ta hau talatin. Arba'in. Intakular ta yi wani ɗan ƙara, ƙis.

"Ka ji ko? Ta fara magana."

Hamsin. Sittin. Robar gefen ta fara kumbura kamar kuncin mai ciwon haƙori. Yaya ya ce, "Anya kuwa?" Mai Faci ya ce, "Saura ƙiris." Saba'in.

Ƙarar da aka ji har masu shagunan tsallaken titi sai da suka fito. Ruwan rabin duro gaba ɗaya ya tashi sama, baƙi, da kumfa, da dattin tayoyin wata guda, ya sauko a kan wanda ya fi kusa. Farar rigar Yaya ta tashi daga aiki. Kwanon abinci ya suɓuce daga hannun matar ya kife. Katakon da aka ce ko aljani ba zai fitar da shi ba yana nan daram, gefen intakular ne ya bar jikinta, ya tashi ya faɗa kan rufin kwano yana ƙara. Mai Faci kuwa yana kwance rigingine, kumfa har cikin hanci.

Ya tashi zaune, ya lalubo abin da ya rage, ya ɗaga. Gefe guda a buɗe yake, hannu ma zai shiga. Ku ji fa abin da bawan Allahn nan ya ce:

"Ga ta nan! Ban gaya muku ba? Ga hudar nan, kowa ya zo ya gani!"

Dariyar da aka yi ranar ba a taɓa irinta a garejin ba. Wani bakanike har da kwanciya a ƙasa. Mai walda yana dukan duro yana cewa a taimake shi zai mutu. Mutanen titi suka cika ƙofa, masu waya suka ɗaga waya. Yaya kaɗai ne bai yi dariya ba. Yana tsaye ruwa na ɗiga daga gemunsa.

Baba Dizal ya fito daga bayan bas a hankali. Ya sunkuya ƙarƙashin benci ya ɗauko manyan tiyon nan biyu, ya juya ɗaya ya ajiye, ya juya ɗayan ya tsaya. Ƙasansa ya yi damshi da baƙin mai. Ya lanƙwasa shi, sai ga tsaga ta buɗe baki, ya zura yatsa ya fito ta ciki. Ya ɗaga ya nuna wa Yaya, ya nuna wa benci, sannan ya kawo daidai hancin Mai Faci.

"Ga mai fiton nan. Inda ka ga mai ya jiƙa, nan iska ke fita. Tiyo ɗaya, kilif biyu, minti goma. Ko bamba ba a taɓawa."

"Ai, ai nan zan zo, Baba. Bi da bi nake yi."

"Ka zo ka wuce. Kai ka cire shi da hannunka ka jefar." Tsohon ya juya wurin jama'a. "An gwada, an gani. Rumfa tana nan sai wani."

"Baba, a duba dai. Ai gano matsala rabin gyara ne."

"Matsala ɗaya ya shigo da ita. Ƙirga waɗanda zai fita da su."

Yaya ya share ruwan da ke fuskarsa. "Intakulata lafiyayya," ya ce. "Lafiyayya! Ka kashe ta don kawai kada a ce ka yi kuskure." Ya juya wurin ƙanwarsa. "Ke kuma ko fitilar gidanku ce ta mutu kada ki ƙara kirana."

Ta ɗauki kwanonta a ƙasa ta kakkaɓe. Ita ba dariyar mutane ce ta dame ta ba, yayanta da ta ja cikin wannan abin shi ya fi yi mata ciwo. Ta wuce ta gaban mijinta ko kallonsa ba ta yi ba.

Aka yi waya aka kira motar janwe, don a-kori-kura ba ruwa, ba fitila, ba numfashi. Kanikawa suka taya Yaya tattara bamba da fitilu da sauran ƙwan da ya tsira. Mai Faci ya ja injin iskarsa ya koma ƙofa shi kaɗai, ya zauna a ƙarƙashin lema ya sunkuyar da kai. Rigar ta bushe a jikinsa ta yi tauri. Kunya ta ishe shi har ba ya son ɗaga ido, amma bakin bai mutu ba. Yana ta gunaguni wai intakular ce jabu, ta gaskiya ai ɗari ma za ta ɗauka.

Motar janwe ta iso, ta ɗaura a-kori-kura, ta juyo za ta fita. Tana kaiwa bakin ƙofa tayar baya ta taka wata sabuwar sifana da ta karye a cikin hargitsin, ta yi fuuu, ta zauna. Ga motoci biyu sun toshe ƙofar gareji, ba shiga ba fita. Direban, baƙo ne bai san komai ba, ya leƙo ta taga ya ƙwala kira.

"Ina mai faci a nan? Mai faci!"

"Na'am!"

Kafin ya san ya amsa har ya miƙe da jak a hannu. Ya tsaya haka, benci biyu na kallonsa, Yaya na kallonsa daga gaban motar. Sannan ya durƙusa a bakin kwata ya fara kwance noti. Minti bakwai ya ɗauka, kuma ko noti ɗaya bai ɓata ba.